Mr. Money With The Vibe na Asake: albam ɗin da har yau na kasa cirewa a wayata

Jama'a nikam in akace in zaɓi albam ɗaya tak cikin duk abun da mawaƙan Afrobeats suka saki daga 2020 zuwa yau, Mr. Money With The Vibe na Asake zan ɗauka, kuma nasan akwai masu cewa haba malam ina ka baro Wizkid ina ka baro Burna Boy, naji, ban raina aikin kowa ba wallahi, amma ni maganar abun da kunnena ya riƙe ya ƙi saki nakeyi. Albam ɗin ya fito ranar 8 ga Satumba 2022 a ƙarƙashin YBNL, kamfanin Olamide, tare da haɗin gwiwar Empire na Amurka. Waƙa 12 ne a ciki kuma gaba ɗayansu kusan minti 30 ne kacal.

Ga wanda bai san yaron ba, asalin sunansa Ahmed Ololade, ɗan tsibirin Legas ne, Asake ɗin sunan mahaifiyarsa ne ya ɗauka yake waƙa dashi. Yayi karatun wasan kwaikwayo a jami'ar Obafemi Awolowo dake Ile-Ife, kuma duk wanda ya taɓa kallonsa akan dandamali zai gane cewa karatun bai tafi a banza ba. Ya daɗe yana fama ba wanda ya waiwayeshi sosai, ya saki wata waƙa mai suna Mr Money a 2020 ta ɗan zaga sannan abun ya lafa, sai farkon 2022 Olamide ya hau masa kan waƙarsa Omo Ope, daga nan kuma shikenan sai Allah ya buɗe. Watan Fabrairu ya shiga YBNL ya saki ƙaramin kundi mai suna Ololade Asake, sai Sungba, sai Palazzo da yayi da DJ Spinall, sai Peace Be Unto You, sai Terminator, duk a cikin 'yan watanni, har mutane suka fara cewa ai yaron nan ya gama zazzage abun da ke jakarsa, me kuma ya rage da zai saka a albam. Toh ashe akwai saura.

Abun da ya kamani a albam ɗin nan, kuma shine dalilin da yasa na zauna rubuta wannan dogon bayani, shine amshi. Kafin zuwan Asake in ka saurari yawancin waƙoƙin Afrobeats na wancan lokacin, mutum ɗaya ne da makirfo yana lallaɓa murya a hankali akan kiɗa mai sanyi, yana da daɗi ban ce babu ba, amma kai mai sauraro kana gefe ne kana kallo. Shi kuwa wannan yaron da ya buɗe baki zai jefa layi ɗaya sai kaji taron muryoyi sun karɓe, maza da yawa a lokaci guda, wasu a sama wasu a ƙasa, su maimaita, su ƙara nasu, wani lokacin ma su kusa danne muryarsa gaba ɗaya kuma shi bai damu ba, barinsu yake su ja waƙar. Kafin ka ankara kaima bakinka ya shiga ciki koda bakajin Yarbanci, saboda an gina waƙar ne da gurbin da mai sauraro zai tsaya ya amsa.

Duk Bahaushen da ya tashi a gidan da ake kunna kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo yasan wannan abun tun yana yaro. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, kafin ya dire 'yan amshi sun yi masa karɓi, sun yi ƙari, kotso na tafiya a ƙasa, har ta kai wani wajen bazaka iya cewa ga inda muryar jagora ta tsaya ga inda tasu ta fara ba. Ba cewa nake Asake ya saurari Ɗanƙwairo ba, a'a, shi nasa daga fuji ya ɗauko, kuma fuji ɗin nan in ka bi asalinta zakaga ba baƙuwarmu bace. Daga were ta fito, waƙar da samarin Musulmin Yarbawa ke zagawa unguwa unguwa da ita cikin dare a watan azumi suna tashin mutane sahur, irin dai yadda muma muke da masu tashin sahur da ganga ko gwangwani a garuruwanmu. Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, shine ya ɗauki wannan salon ya faɗaɗa shi ya zama fuji, su Kollington Ayinla da Wasiu Ayinde suka ƙara ɗaga shi. Shiyasa in Asake yana jan murya a wasu wuraren zakaji wani karkarwa a maƙogwaro irin na wanda ya tashi cikin masu wa'azi da masu bege, ga kuma ɗanɗanon waƙar cocin masu fararen kaya da suka cika Legas, duk ya haɗa su wuri ɗaya. Ni a Agege ta Legas nake zaune kuma duk waɗannan sautukan ina jinsu ta taga tun kafin in san sunan Asake, abun da yayi shine ya kwashe su daga titi ya shigar dasu sitidiyo ba tare da ya wanke musu ƙurar ba.

Kuma anan ne abun ke ɗan min ciwo game da namu waƙoƙin sitidiyo na Arewa. Muna da wannan gadon na amshi mai ƙarfin gaske, amma da aka koma fiyano da kwamfuta sai aka watsar dashi, aka koma namiji ɗaya mace ɗaya suna miƙa wa juna baiti an matse muryoyin da na'ura har sun zama iri ɗaya. Ga wani can ya ɗauki na kakanninsa ya saka a kiɗan zamani duniya ta amsa masa. Akwai matasanmu masu ƙoƙari sosai, ina jinsu ina kuma alfahari dasu, fatana dai wani cikinsu ya tara maza shida ko bakwai masu murya a gaban makirfo yaga abun da zai faru.

Toh mu koma kan kiɗan. Magicsticks ne furodusan da ya haɗa kusan komai a albam ɗin, kuma gaskiya in ana yabon Asake ba'a ambaci wannan bawan Allah ba an yi rashin adalci. Ginshiƙin kiɗan amapiano ne na Afirka ta Kudu, wanda ya taso daga unguwannin Pretoria da Johannesburg, da wannan gangar tasu mai nauyi da ake kira log diram wacce ke dukan ƙirji. Sai dai su can waƙa ɗaya tana iya kai minti shida ko bakwai tana tafiya a hankali tana ginuwa, shi kuwa Magicsticks ya datse ta ya ƙara mata sauri irin na Legas, inda ba wanda ke da lokacin jiran kowa, sannan ya ɗora gogen Turawa a sama. Wannan gogen shine sirrin da mutane da yawa basa lura dashi. Ganga na ƙasa tana cewa tashi ka taka, goge na sama yana kuka, shiyasa waƙar rawa ce amma in ka nutsu sai kaji wani abu mai kama da kewa a cikinta.

Dull ce ta buɗe albam ɗin, gajeruwa ce ko minti biyu bata kai ba, kuma ba waƙar rawa bace sam. Addu'a ce da alƙawari, mutum ne da ya daɗe a layi yanzu an kira sunansa yana roƙon kada ƙarfinsa ya mutu. Na so yadda bai buɗe da hayaniya ba duk da cewa a lokacin shine ke riƙe da gari, ya fara da ƙanƙan da kai. Daga nan Terminator ta shigo, ita kam kowa ya santa, waƙar soyayya ce ta manya kuma amshinta yana da saurin kama baki, sai Organise wacce nake ganin itace tafi kowacce nuna abun da nake faɗa akan 'yan amshi, domin a cikinta kusan taron ne ke waƙar shi yana tsakiya yana juya su. In kana da aikin hannu a gabanka, ɗinki ko wankin mota ko lodin kaya, saka Organise kaga yadda hannu zai yi sauri.

Peace Be Unto You kuwa, wacce tun watan Yuni na shekarar ta fito, sallama ce ya ɗauka ya gina waƙa akai, kuma na tuna yadda 'yan uwanmu da yawa da basa ko kallon waƙar kudu suka tsaya suka ce wai wannan yaron Musulmi ne? Eh Musulmi ne. Amma zan faɗi gaskiya anan, haɗa kalmomin addini da zancen holewa a waƙa ɗaya abu ne da ba kowa zai iya haɗiya ba, nima akwai layukan da nake jin inama bai saka su kusa da juna ba. Wanda yace shi wannan ya hana shi sauraro ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abun da na fahimta dai shine haka rayuwar yaran titin Legas take, da addu'ar uwa a baki da rigimar duniya a gaba, kuma shi bai ɓoye ko ɗaya ba.

Inda albam ɗin ya gama dani shine tsakiyarsa zuwa ƙasa, wajen Dupe da Nzaza da Ototo. Dupe waƙar godiya ce, akwai busa a cikinta mai daɗin gaske, tana cewa in kana raye kana numfashi toh ka gode ko aljihu babu komai, kuma bata faɗa da sigar wa'azi ba, da fara'a take faɗa. Nzaza kuma wallahi ban san sau nawa na maimaita ta ba. An rage gudun kiɗan, an bar goge da muryoyi suna aiki, shi kuma yana maganar inda ya fito da wahalar da yasha da yadda yake roƙon Allah kada ya bar shi. Muryarsa anan ba ta mai taƙama bace, har wani ɗan rawa take, kuma lokacin da taron suka shigo suka ɗauke masa sai kaji kaman mutum ya gaji da kaya a ka 'yan uwa sun zo sun tallafa masa. Duk wanda ya baro garinsu ya zo Legas neman na kansa, ya kwana a shago ko a masallaci ko a ƙarƙashin rumfar wani kafin ya samu ɗaki, yana turawa gida ɗan abun da ya samu yana cewa lafiya lau nake alhali shi kaɗai yasan yadda yake, wannan waƙar zata taɓa shi ko kalma ɗaya bai fahimta ba. Na ga hakan da idona wajen yaranmu masu acaba da masu sayar da kayan gwari, mutum yana jinta sai kaga yayi shiru. Ototo ta biyo bayanta da irin wannan nutsuwar, zancenta kowa da hanyarsa kowa da lokacinsa, kada ka kalli na wani ka raina naka. Waɗannan ukun sune nake turawa duk wanda yace min ai Asake hayaniya ce kawai.

Joha tana tsakaninsu, ita ta rawa ce zalla, tsohuwar waƙarsa ce tun zamanin makaranta aka sabunta ta, kuma tana da wani gudu da ke sa yara tsalle. Sunmomi ma haka, gogen cikinta yafi kalmomin cikinta magana.

Yanzu bari in faɗi inda bai gamsar dani ba, domin so baya hana ganin aibu. Reason, wacce yayi da Russ ɗan Amurka, itace mafi rauni a wajena. Ba wai baƙon bai iya ba, a'a, yayi nasa daidai gwargwado, amma da ya shigo sai iskar waƙar ta canza, duk wannan ɗumin taron ya ɗauke, sai kaji kaman an haɗa ta ne don a samu shiga kasuwar waje. Asake baya buƙatar hakan kuma abun da ya faru daga baya ya nuna haka, domin waɗanda suka fi zagaya duniya cikin waƙoƙinsa sune waɗanda ya cika da Yarbanci. Muse ma bata zauna min ba, kafin ta kama jiki ta ƙare.

Wannan gajartar ma matsala ce da kanta. Yawancin waƙoƙin minti biyu da 'yan kai ne, kuma nasan dalili, zamanin TikTok ne da manhajojin sauraro inda ake ƙirga sau nawa aka kunna, gajeruwar waƙa tafi saurin a maimaita ta. Amma waƙa irin Nzaza ta cancanci a barta ta numfasa, ko minti ɗaya aka ƙara mata aka bar muryoyin nan da gogen su kaɗai da ba ƙaramin abu za'a samu ba. Fujin da ya gada ai waƙa ɗaya tana cinye fuskar kaset guda. Sannan tunda furodusa ɗaya ne, in ba ka saba ba zaka iya jin wasu waƙoƙin sun yi kama da juna, musamman yadda gangar ke shigowa kusan a wuri ɗaya kowane lokaci. Ni wannan bai dameni sosai ba don shine ya sa albam ɗin ya zama abu ɗaya dunƙulalle maimakon tarkacen waƙoƙi, amma na yarda da masu wannan ƙorafin. Ga kuma cewa uku daga cikin sha biyun, wato Terminator da Peace Be Unto You da Sungba da aka sake da Burna Boy, duk mun riga mun sha su kafin albam ya fito, kenan sababbin tara ne.

Hoton bangon ma ban so shi ba gaskiya. An ɗauke shi yana murmushi riƙe da allo irin na wanda 'yan sanda suka kama, kwaikwayon sanannen hoton nan na Pablo Escobar, dillalin hodar iblis na Kolombiya. Mutumin da ya jawo mutuwar dubban mutane ba abun ado bane, kuma a lokacin da ƙwaya ke cinye mana matasa kudu da arewa bana ganin dacewar hakan, musamman akan albam ɗin da rabinsa addu'a ce da godiya. Sai kuma gargaɗi ga iyaye, akwai waƙoƙi irin Terminator da Sungba da zancen cikinsu na manya ne, kasancewar da Yarbanci da Turancin buroka ake faɗa baisa ya zama na yara ba, kada a sake musu waya haka kawai.

Maganar yadda za'a saurara kuma, dan Allah kada ka yanke wa albam ɗin nan hukunci da sifikar waya. Log diram ɗin nan a ƙasa yake sosai, ƙaramar sifika bata iya fito dashi, abun da zakaji kawai ƙarar tafi da muryoyi sama sama sai kace meye abun yabo anan. Nemi iyafis mai ɗan kyau ko sifika mai bes, ko a mota, sannan ka bar shi ya tafi a jere daga Dull har ƙasa kada ka kunna shi a hargitse, domin an jera shi ne da lissafi, ya fara da addu'a ya hau rawa ya sauko nutsuwa ya sake tashi. Yana nan a Audiomack da Boomplay da Spotify da Apple Music da YouTube, kuma tunda minti 30 ne bazai cinye maka data ba. Nasan al'adarmu ce a kai waya shago a tura waƙoƙi a memori, amma in da hali a saurara ta inda mai aikin zai samu haƙƙinsa, hakan ya shafi namu mawaƙan ma. Bidiyoyin lokacin kuwa yawanci TG Omori ne ya ɗauka, wanda ya kalli na Peace Be Unto You zai ga irin taron da kunne ke ji a waƙar.

Abun da ya biyo baya sananne ne. Albam ɗin ya shiga jadawalin Billboard 200 na Amurka a lamba 66, abun da ba'a saba gani ba ga albam ɗin farko na mawaƙin Afirka, kuma a bikin Headies, na bada kyaututtuka ga mawaƙan Najeriya, da akayi a Atlanta ta Amurka cikin Satumba 2023 shine ya ɗauki kyautar albam ɗin shekara, Asake kuma ya ɗauki Next Rated, kyautar sabon mawaƙi mai tasowa. Akwai kuma abun baƙin ciki da bai kamata a tsallake ba, a watan Disamba 2022 an samu turmutsitsi a ƙofar Brixton Academy dake Landan a daren wasansa, mutum biyu suka rasa ransu, Allah ya ba iyalansu haƙuri. Da ya koma Landan a Agusta 2023 ya cika O2 Arena, da tunawa dasu aka buɗe wasan.

Bayan fitowar albam ɗin kusan kowane sabon yaro a Legas sai da ya tara muryoyi a amshinsa, har abun ya fara gundura, kuma anan ne zaka gane bambanci, su sun ɗauki salon ne a matsayin ado da ake liƙawa a ƙarshe, shi kuwa tun daga tushe da taron yake rubuta waƙar. Shi kansa ya saki Work of Art a Yuni 2023, inda waƙarsa da Olamide mai suna Amapiano ta samu shiga takarar Grammy, sannan Lungu Boy a Agusta 2024. Duka biyun na saurara kuma akwai abubuwa masu kyau a ciki, Work of Art ma ta wani fannin tafi gogewa da tsafta, amma yunwar da ke cikin muryarsa a na farkon nan ban sake jinta haka ba, kuma a Lungu Boy an rage taron an ƙara baƙi daga waje, abun da ni ba shi na zo nema ba.

In maki ake so, ni na bashi takwas da rabi cikin goma, ɗaya ya tafi saboda Reason da gajartar waƙoƙin, rabin kuma saboda hoton bango. Wanda bai taɓa jin Asake ba kuma yana shakkar ko zai iya da hayaniyar, ya fara da Nzaza, sai Dupe, sai Organise, in waɗannan ukun sun zauna masa sai ya koma ya ɗauko daga Dull.